Tsamiya a harabar masallaci: yadda ake shuka ta da rainonta

 

'Yan'uwa, duk wanda ya yi sallar Juma'a a waje a Nima ko Maamobi cikin watan Maris ya san abin da rashin inuwa yake nufi. Mun cika zangonninmu da siminti da kwano. Lokacin da gwamnati ta fara ranar Green Ghana a watan Yunin 2021 an raba dashe kyauta, mu ma mun karɓa, amma nawa ne suka rayu? Shukawa ba ta da wuya, rainon ne muke kasawa.

Shawararmu ita ce tsamiya. Dogon yaro da ya cika filayen Accra baƙo ne daga Indiya. Tsamiya kuwa 'yar Afirka ce, duk da Larabawa suna ce mata tamar hindi, wato dabinon Indiya, saboda ta can suka san ta. Saiwarta tana nitsewa ƙasa sosai, ganyenta yana nan kusan duk shekara, kuma ruwan Accra, da bai cika wuce milimita 800 a shekara ba, ya ishe ta.

Mun san abin da wasu za su ce: ai tsamiya gidan aljanu ce. Wannan camfi ne da muka gada, ba shi da tushe a Alƙur'ani ko Sunna. Abin da ya inganta a Bukhari da Muslim daga Anas ɗan Malik shi ne, ana rubuta wa mai dashe ladan sadaka duk lokacin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga abin da ya dasa. Abin mamaki, mai tsoron bishiyar shi ne kan gaba wajen shan kunun tsamiya da azumi.

A jiƙa ƙwallon kwana ɗaya, a shuka a leda mai huji, zai tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan ya kai kamu biyu, a dasa shi a farkon damina, Afrilu ko Mayu, a rami mai zurfin kamu ɗaya da aka gauraya ƙasarsa da busasshen takin dabbobi. Kada a sa ta inda ruwa yake kwanciya, kuma a nisanta ta da katanga da kwata kamar taku 10, domin babbar bishiya ce mai daɗewa. Gidan haya mai ƙunci ba wurinta ba ne. Harabar masallaci, makaranta da maƙabarta sun fi dacewa.

Shekara biyu zuwa uku na farko su ne masu haɗari. A kewaye ta da waya ko bulo, don tumaki da awakin unguwa ba sa raga wa ɗanyen ganye, balle gab da Layya. Da hunturu a ba ta bokiti ɗaya sau biyu a mako. Ruwan alwala da muke bari ya zube a kwata ya wadatar, in babu sabulu a ciki. Kwamitin masallaci ya ɗora aikin a kan ɗalibi ɗaya da sunansa, in ya tashi a naɗa wani. Wadda aka shuka daga ƙwallo takan kai shekara 7 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, don haka kada a sare ta a shekara ta huɗu wai juya ce.