Takardar shaidar ƙwarewa: riba da tsadarta ga sababbin ma'aikatan adana bayanai

A ƙananan asibitocin karkara, irin waɗanda jama'ar Fakku a ƙaramar hukumar Kebbe ta jihar Sakkwato suke zuwa, mai ba da kati shi ne mutum na farko da majinyaci yake haɗuwa da shi.

Aikin nasa bai tsaya ga miƙa kati ba. Shi ne yake adana tarihin jinyar kowane mutum, kuma daga rajistarsa ake tattara alƙaluman haihuwa, da riga-kafi, da zazzaɓin cizon sauro, waɗanda ake aikawa zuwa ƙaramar hukuma da jiha.

Tambayar da ke gaban matasan da suke shiga wannan aiki ita ce: wace takarda ce ta cancanci a kashe mata kuɗi?

Abin da doka ta tanada

A fannin lafiya amsar a fili take. Doka mai lamba 39 ta shekarar 1989 ta kafa hukumar rajistar jami'an adana bayanan lafiya ta Nijeriya, wato HRORBN, wadda take shirya jarrabawa, ta kuma ba da lasisin aiki.

Kafin a kai ga lasisin, sai an yi karatu a makarantar da hukumar ta amince da ita. A Sakkwato akwai irin wannan makaranta a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ƙaramar difiloma tana ɗaukar shekaru 2, babbar difiloma kuma wasu shekaru 2.

Dokar lafiya ta ƙasa ta shekarar 2014 ta wajabta wa asibitoci adana bayanan majinyata tare da kare sirrinsu, sannan dokar kare bayanan jama'a ta shekarar 2023 ta ƙara tsaurara wannan nauyi. Wannan ya ɗaga darajar ma'aikaci mai lasisi wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma.

Ɗawainiyar da ke ciki

Sai dai kuɗin makaranta ba shi ne kaɗai ba. Akwai kuɗin rajistar ɗalibi, da na jarrabawa, da na sabunta lasisi, da na tarurrukan ƙara wa juna sani.

Ga ɗan Fakku ko ɗan Tambuwal, akwai ƙarin kuɗin mota, da masauki, da abinci a birnin Sakkwato. Idan kuma karatun ya ratsa damina, gida zai rasa hannu guda a gona.

Takardun ƙasashen waje

A Amurka, cibiyar ICRM da aka kafa a shekarar 1975 tana ba da takardar ƙwarewa a fannin kula da takardu da bayanai. Jarrabawarta kashi 6 ce, kuma ana buƙatar ilimi mai zurfi da gogewa a aiki kafin a zauna mata.

Takardar tana da kima a manyan kamfanoni da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, amma da dala ake biyan kuɗinta. Bayan da gwamnatin tarayya ta saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da naira 1,500 a shekarar 2024, shekarar da aka ƙayyade mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000.

Ma'ana, kowace dala 100 ta haura albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci a lokacin. Bayan haka, takardar ba ta maye gurbin lasisin da dokar Nijeriya take nema a asibiti.

Abin dubawa

Akwai kuma cibiyoyi masu zaman kansu da ke sayar da takardu bayan bitar 'yan kwanaki. Kafin a biya, ya kamata a tantance ko wata doka ce ta kafa cibiyar, da kuma ko tsarin aikin gwamnati ya san da takardar.

Don haka, ga sabon ma'aikaci, hanya mafi riba ita ce ya fara da lasisin gida, ya ƙware a kwamfuta, musamman manhajar DHIS2 da Nijeriya take tattara alƙaluman lafiya da ita, sannan ya nemi takardar waje idan ya sami wurin aikin da zai ɗauki nauyinta.