Horo ne ko Cin Zali?

Siniya ya tsugunar da juniya a makarantar kwana, ya cinye masa gari da sukari. Wani marubuci zai ce horo ne, wani ya ce cin zali. Kalmar da kowa ya zaɓa ita ke tona inda ya karkata. Don haka malami kan sa ɗalibai su ja layi ƙarƙashin irin waɗannan kalmomi, su duba wa aka bari ya yi magana, wa aka toshe wa baki.

Misali, a Ingila, Thomas Hughes ya zana Flashman azzalumin ɗalibi a littafinsa na 1857. A 1969 George MacDonald Fraser ya miƙa wa Flashman ɗin alƙalami, sai ga mai karatu yana dariya tare da mugun.