Idan An Rufe Makaranta, Ta Ina Darasi Ke Bi Ya Isa Gida?

A ranar 19 ga Maris, 2020, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu a faɗin Najeriya saboda annobar korona. Gwamnonin Arewa maso Yamma ma sun sanar da hutun dole na kwana 30. Iyaye suka kwaso 'ya'yansu daga makarantun kwana, 'yan jeka-ka-dawo suka rataye jakunkuna, kowa na zaton bayan wata guda za a koma. 'Yan ajin ƙarshe ba su koma ba sai 4 ga Agusta, sauran ɗalibai kuwa a yawancin jihohi sai a watan Oktoba. Wata shida da ɗoriya ke nan yawancin yara ba su ga allo ba.

Ba Najeriya kaɗai abin ya shafa ba. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa a lokacin da annobar ta yi tsanani, ɗalibai sama da biliyan ɗaya da rabi ne aka rufe wa makarantu a ƙasashe fiye da 190. Gwamnatoci suka koma ga abin da ake kira karatu daga gida, wato a aika wa yaro darasi ta rediyo, talabijin, waya ko takarda. A watan Agustan shekarar, UNICEF ta ce aƙalla yara miliyan 463, kusan ɗaya cikin uku na 'yan makarantar duniya, wannan karatu bai kai gare su ba ko kaɗan.

A cikin waɗanda suka fi shan wahala akwai 'yan ƙaramar sakandare, aji ɗaya zuwa aji uku, masu shekara 12 zuwa 15. Su ne 'yan tsakiya. Ɗan firamare uwa ko yaya kan iya zama da shi a koya masa baƙaƙe da ƙidaya. Ɗan babbar sakandare jarrabawar WAEC na gabansa, ita ke tsare shi a kan littafi, shi ya sa jihohi da dama suka fara darussan rediyo da talabijin da 'yan ajin ƙarshe. Ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare kuwa ya shiga lissafin da ake haɗa haruffa da lambobi, ya shiga kimiyya da fasaha, kuma duk da Turanci ake koyar da su. A gidaje da yawa babu mai iya taimaka masa. Ga shi kuma ya kai girman da za a tura shi gona, shago ko garejin koyon aiki, yarinya kuma a ɗora mata talla ko a fara zancen aurenta.

Karatu daga gida yana da matakai uku, kuma idan ɗaya ya ɓace saura ba sa aiki. Na farko, darasi ya fita daga wurin malami ya isa ga yaro. Na biyu, yaro ya zauna ya yi aiki da hannunsa, ya rubuta, ya warware lissafi. Na uku, aikin ya koma ga wanda zai duba, ya ce nan ka yi daidai, nan ka kauce. Matakin farko shi ne mai sauƙi, shi ne kuma ake yawan nunawa a labarai. Na ukun shi ne mai wuya. Darasin da aka watsa ba tare da hanyar dawowar amsa ba kamar guga ne da aka jefa rijiya ba igiya.

A Arewa, rediyo ce ta ɗauki mafi yawan nauyin matakin farko, kuma dalilin a fili yake. Ba ta buƙatar data, batir biyu sun ishe ta, ƙananan wayoyi masu madannai ma suna kama tashoshin FM. Ma'aikatun ilimi na jihohi irin su Kano da Kaduna suka zaɓo malamai, aka kai su gidajen rediyo da talabijin, aka fitar da jadawali: ƙarfe kaza lissafi, ƙarfe kaza Turanci.

Koyarwa a rediyo sana'a ce mai zaman kanta. Malamin da ya saba da allo yakan ce "ku dubi nan", amma mai sauraro ba shi da abin duba. Dole kowane abu a faɗe shi da baki, a maimaita, a bar tazara don yaro ya rubuta. Darasi mai kyau ba ya wuce minti 20 zuwa 30. Malami kan jefa tambaya, ya yi shiru na ɗan lokaci don yaron da ke gida ya amsa da ƙarfi, sannan ya faɗi amsar. An gwada wannan salo tun shekarun 1970 a ƙasar Nikaragwa wajen koyar da lissafi, kuma ya yi amfani. Wani lokaci akan sa ɗalibai biyu ko uku a ɗakin shirin, su riƙa yin irin kurakuran da yara kan yi, malami na gyarawa kowa na ji. Duk da haka akwai darussan da rediyo ke gajiya da su. Nahawun Turanci, tarihi da ilimin zaman jama'a suna tafiya lafiya. Amma a bayyana zanen kusurwa ko yadda wutar lantarki ke zagayawa a waya da baki kawai, wannan sai an haɗa da takarda a hannun yaro.

Dabarar koyar da yara ta rediyo idan an rufe makarantu ta girmi korona da nisa. A watan Satumbar 1937, cutar shan inna ta hana buɗe makarantun birnin Cikago na Amurka har na kusan mako uku. Aka koyar da yara kimanin 315,000, daga aji uku zuwa aji takwas, ta rediyo. Abin lura shi ne yadda suka kula da sauran matakan. Jaridu suna buga jadawali da aikin da za a yi kowace safiya. Aka ware layin tarho, malamai na zaune suna amsa tambayoyin iyaye. Aka kuma sanar da yara cewa za a jarraba su idan an dawo.

Kusa da mu akwai Saliyo. Cutar Ebola ta rufe makarantun ƙasar daga tsakiyar 2014 har zuwa Afrilun 2015. A watan Oktoba na 2014 gwamnati ta fara watsa darussa a gidajen rediyo 41, tare da ba masu sauraro damar bugo waya su yi tambaya. Shirin ya taimaka wajen sa yara su ci gaba da ɗaukar kansu a matsayin 'yan makaranta, amma bai hana wata babbar asara ba. Dubban 'yan mata suka yi ciki a tsawon rufewar, kuma da aka buɗe makarantu aka hana masu ciki komawa aji. Ba a janye wannan doka ba sai a 2020, bayan hukuncin kotun ECOWAS. Abin da ya faru a can ya nuna cewa makaranta tana yi wa yarinya mai shekara 14 wani aiki bayan koyarwa: tana tsare mata lokacinta, tana kuma sanya ta a idon manya masu lura.

Talabijin ta fi rediyo wajen nuna zane da gwajin kimiyya, sai dai tana jiran wuta, kuma galibi ɗaya ce a gida, idan ma akwai. Cikin ƙasashen da suka daɗe suna koyar da 'yan ƙaramar sakandare ta talabijin akwai Meziko, wadda ta kafa tsarin Telesecundaria a 1968 don ƙauyukan da ba su da isassun malamai. Har yau yara sama da miliyan ɗaya ke karatu a cikinsa. Amma ba a bar yaro shi da akwatin talabijin ba. Ana kallon shiri na kimanin minti 15, sannan malamin da ke tare da su ya ja sauran darasin da littafin aiki.

Makarantun kuɗi a manyan birane suka bi ta intanet. Wasu suka yi aji kai tsaye ta Zoom, malami da ɗalibai suna ganin juna. Wasu suka yi amfani da Google Classroom wajen ajiye aiki da karɓarsa. Mafi yawa kuwa WhatsApp suka kama, domin shi ne kowa ya sani. Malami ya buɗe zaure na aji, ya turo hoton darasi da saƙon murya, yaro ya yi aiki a littafinsa, a ɗauki hoto a mayar. Jihar Edo ma ta bi wannan hanya a makarantunta na firamare ƙarƙashin shirin EdoBEST. Amfanin WhatsApp shi ne yana cika mataki na uku, kuma ba dole sai kowa ya hau a lokaci ɗaya ba.

Matsalar ita ce wayar ba ta yaro ba ce. Ta uba ce, kuma da safe yakan fita da ita kasuwa, ba ta dawowa sai bayan magariba. Idan ta dawo, ga yara uku ko huɗu kowa da zauren ajinsa. Ga kuɗin data, ga kuɗin mai caji idan ba wuta, a daidai lokacin da dokar kulle ta tsayar da sana'o'i da yawa kuma abinci ne abin da ya fi damun maigida. Wasu iyaye kuma, da dalilinsu, ba sa son sakar wa 'yar shekara 13 babbar waya ba mai sa ido.

Wani bincike da aka yi a Botsuwana a lokacin korona ya ba da haske kan abin da ya fi tasiri. Wata ƙungiya mai suna Young 1ove ta yi aiki da gidaje kimanin 4,500 masu yara 'yan firamare. Wasu gidajen ana tura musu tambayoyin lissafi ta gajeren saƙo sau ɗaya a mako. Wasu kuma bayan saƙon, sai a kira su a waya na minti 15 zuwa 20, a buɗe lasifika, a bi tambayoyin tare da yaro da mahaifinsa ko mahaifiyarsa. A ƙarshe, saƙon shi kaɗai bai kawo wani canji mai ƙarfi ba. Inda aka haɗa da kira kuwa, yawan yaran da ba su iya ko da ƙaramin lissafi ba ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba a raba kwamfuta ko babbar waya ba. Abin da aka ƙara kawai shi ne mutum mai tambayar yaro yaya ya samo amsarsa.

Shi ya sa a gidajen da karatun rediyo ya yi amfani, za a tarar akwai wani tsayayye. Wata uwa ce da ba ta yi boko ba amma ta haddace lokacin shirin, takan ce a ajiye wanke-wanke sai an gama. Wani wa ne ɗan kwalejin ilimi da rufewar ta dawo da shi gida, ya tara ƙannensa da na maƙwabta a soro. Wani malami ne da ke zaune a unguwar, yara ke kai masa littattafansu ya sa musu jan biro. Inda babu irin waɗannan, rediyo na magana yaro na gona, musamman da yake rufewar ta ci dukan daminar 2020, tun daga shuka har zuwa girbin gero.

Korona ta wuce, amma rufe makarantu a Arewa bai wuce ba. A watan Disambar 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara ta jihar Katsina. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe ta jihar Zamfara. Bayan kowane hari, jihohi kan rufe makarantun kwana ko ma dukan makarantu. UNICEF ta ce daga Disambar 2020 zuwa farkon 2022 an rufe makarantu sama da 11,000 a Najeriya saboda matsalar tsaro. A farkon Satumbar 2021, bayan sace ɗalibai a ƙauyen Kaya na ƙaramar hukumar Maradun, Zamfara ta rufe makarantunta, kuma a cikin makon aka katse layukan waya a faɗin jihar don yaƙi da 'yan bindiga. A irin wannan hali babu Zoom, babu WhatsApp, babu ko kiran waya. Rediyo da takarda ne kaɗai suka rage.

A watan Maris na 2022 gwamnatin tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport, wadda ke ɗauke da darussan firamare da sakandare kyauta, wasu da Hausa. Taska ce mai amfani ga wanda ke da na'ura da sabis. Ga yaron Jangebe ko Ƙanƙara kuwa, shirin da zai yi masa rana sai an yi shi tun makaranta na buɗe, domin ranar da za a rufe ba a samun ko awa biyu na shiri. Kowane malamin aji ya kasance yana da lambar wayar wani babba a gidan kowane ɗalibi. A buga takardun aiki na 'yan makonni a ajiye, yadda yaro zai tafi gida da su a jakarsa. A naɗi darussan murya da Hausa da Turanci a ƙaramin katin waya, wanda ake iya tura abin da ke cikinsa daga waya zuwa waya ba tare da data ba. A kuma ware wa malamai kuɗin kati, domin ba adalci ba ne a ce su kira yara arba'in ko sittin daga albashinsu.

Aiki na ƙarshe yana zuwa ranar da aka buɗe ƙofa. Yaran da suka dawo ba a matsayi ɗaya suke ba: wani ya bi darussa, wani ya manta har abin da ya sani a da. Idan malami ya ci gaba daga shafin da manhaja ta ce a kai, rabin ajin zai bari a baya. Gwaji na 'yan mintoci a karatu da lissafi ya isa a gane inda kowa ya tsaya, a raba su rukuni-rukuni na wasu makonni. Sannan a ɗauko rajista a kira suna. Duk wanda aka kira kwana uku a jere ba a ji amsarsa ba, sai shugaban makaranta da kwamitin iyaye da mai unguwa su taka har ƙofar gidansu, tun kafin yaron ya kama sana'a gadan-gadan ko a sa wa yarinyar rana.