Mai Harhaɗa Magunguna a Unguwarku

Idan ka zaga cikin Kubwa, za ka ga kantunan magani da yawa. Amma ba kowane mai sayar da magani ne masanin harhaɗa magunguna ba. Masanin ya yi karatun aƙalla shekara 5 a jami'a, kuma yana da lasisi. Shi zai bayyana maka yadda za ka sha maganin da likita ya rubuta: sau nawa a rana, kafin cin abinci ko bayansa. Ka faɗa masa duk maganin da kake sha, har da na gargajiya, domin wasu magunguna ba sa jituwa. Kafin ka biya, duba lambar NAFDAC a jikin kwalin. Idan ciwo ya ƙi sauƙi, ka tafi Babban Asibitin Kubwa. Matambayi ba ya ɓata.