William Serle: Likitan da ya raba rayuwarsa tsakanin asibiti da tsuntsaye

Tambayi dattijo a Cheberu ko Kalgo yaushe rabonsa da ganin ungulu a mahauta, sai ya tsaya lissafi. Haka ma gauraka, wadda a da ake jin kukanta a fadama.

Masu son gane abin da aka rasa dole su koma ga waɗanda suka rubuta tun tsuntsayen na nan. Ɗaya daga cikinsu likita ne, William Serle.

An haife shi a Edinburgh ta Birtaniya a 1912. A 1937 ya shiga aikin lafiya na gwamnatin mulkin mallaka, ya yi wajen shekara 20 tsakanin Najeriya da Saliyo da Kamaru. Duk inda aka tura shi, in ya gama da marasa lafiya sai ya nufi daji. Shekara biyu kacal da fara aiki, a 1939, mujallar Ibis ta buga bayanansa kan tsuntsayen arewacin Najeriya.

Sai dai kada a wanke shi tas. A zamaninsa, nazarin tsuntsu na nufin harbe shi, a feɗe fatar, a kwashe ƙwai daga sheƙa. Serle ya yi haka sosai, kuma abin da ya tara yana gidajen tarihi na Birtaniya. Yau da ya sha suka. Amma da waɗannan bayanai ne masu kare tsuntsaye ke gane inda kowane iri ya taɓa rayuwa.

Ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Ɗan Najeriya Gilbert Nkwocha ne ke kamo masa tsuntsaye yana gyara fatunsu. Serle bai manta da shi ba: a 1949 ya raɗa wa wani tsuntsun Dutsen Kupe na Kamaru, wanda masana ba su san shi ba, sunan Kupeornis gilberti. Ba kasafai Turawan lokacin ke yin haka ba.

Daga baya ya ajiye likitanci, ya zama limamin coci a ƙasarsu. A 1977 shi da Gérard Morel suka fitar da littafin gane tsuntsayen Afirka ta Yamma, wanda masu nazari suka daɗe suna shiga daji da shi. Ya rasu a 1992.

Lokacin da littafin ya fito, ungulu tsuntsuwar gari ce da ba mai waiwayarta. A 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin masu dab da ƙarewa, saboda guba da cinikin sassan jikinta don tsibbu.