Maƙoƙo a Ƙarƙashin Mayafi

Gumin shinkafa ne ya kai ni wani ƙauye a ƙasar Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yake bin magudanai yana raya gonaki rani da damina. Mai unguwa ya haɗa ni da yaro zuwa gidan da mata ke turara shinkafa.

Wata dattijuwa na tsaye kan rabin duro tana juyi, zufa na keto mata, amma ta naɗe wuya tam da mayafi. Na ce, "Inna, zafi bai dame ki ba?" Ta yi dariya, ta sassauta. Maƙoƙo ne kamar lemon zaƙi, in ta haɗiyi yawu ya hau ya sauko.

"Tun ina goyon na biyu ya fito, ɗan nan. An yi tsaga, na sha saiwa har na gaji. Ba ya ciwo, sai dai in na kwanta rigingine ya danne min numfashi. Abin da ya hana ni barci, wata ce ta ce min daji ne."

Shekara da shekaru tana ɗauke da wannan magana, ba wanda ya duba ta.

Wani ma'aikacin lafiya a yankin ya ce mafi yawan maƙoƙo ba daji ba ne. Idan sinadarin ayodin ya yi ƙaranci a jiki, wani ƙullutu da ke ƙasan ƙwaƙwalwa yakan yi ta aiko da sinadarin TSH yana zaburar da halittar da ke gaban wuya. Ƙwayoyinta, da taimakon sinadaran girma irin su IGF-1 da EGF, sai su yi ta ninkuwa har kumburi ya bayyana. Mata ya fi kamawa, domin ciki da shayarwa suna ƙara buƙatar ayodin. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sa shi a gishiri, to amma gishiri rigakafi ne. Maƙoƙon da ya tsufa ya yi ƙulli ba ya narkar da shi.

Abin da Inna ke buƙata gwajin jini ne da hoton wuya, irin wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma Kano ba nisa. Ta ce kuɗin mota sai an sayar da shinkafa, ga tsoron wuƙa.

Duk mai uwa ko mata da ke rufe wuya haka, don Allah ya kai ta a duba.