Tarihin gasar kurket ta ƙasashe uku ta Ostareliya

Tun daga kakar wasa ta 1979/80 har zuwa ta 2007/08, babu shekarar da ta wuce ba tare da Ostareliya ta gayyaci ƙasashen waje sun fafata da ita a gasar kurket ta yini guda ba.

Gasar, wadda aka fara saninta da sunan World Series Cup, ta samo asali ne daga wata taƙaddama a kan izinin nuna wasa a talabijin, kuma lissafin kuɗin shiga da ya haife ta shi ne ya kawo ƙarshenta.

A al'adance, babban wasan kurket tsakanin ƙasashe, wanda ake kira Test, kan ɗauki har kwana biyar. Shi kuwa na yini guda, kowane ɓangare na da zagayen jifa 50, kowane zagaye jifa shida, kuma wanda ya fi tara maki shi ya ci.

An buga wasan yini guda na farko tsakanin ƙasashe a ranar 5 ga Janairun 1971 a birnin Melbourne, tsakanin Ostareliya da Ingila, bayan ruwan sama ya hana gudanar da wasan Test da aka shirya.

Rigimar Kerry Packer

A shekarar 1976 ne attajirin nan Kerry Packer, mai gidan talabijin na Channel Nine, ya nemi hukumar kurket ta Ostareliya ta sayar masa da izinin nuna wasanninta shi kaɗai.

Hukumar ta ƙi, ta ci gaba da hulɗa da gidan talabijin na gwamnati, ABC, duk kuwa da cewa tayin Packer ya fi tsoka nesa ba kusa ba.

Packer bai haƙura ba. A asirce ya ƙulla yarjejeniya da manyan 'yan wasa fiye da 30 daga ƙasashe daban-daban, da taimakon kyaftin ɗin Ingila na lokacin, Tony Greig, sannan ya kafa gasarsa mai zaman kanta a 1977.

Abin da ya sauƙaƙa masa shi ne ƙarancin albashin 'yan wasa, domin a wancan zamani da yawansu sai sun haɗa da wata sana'a kafin su riƙe iyalansu.

Hukumomin kurket sun yi yunƙurin haramta wa waɗanda suka bi shi wasa, amma wata babbar kotu a Landan ta yanke hukunci a 1977 cewa haramcin ya saɓa wa doka.

A gasar Packer ne aka yayata yin wasa da dare a ƙarƙashin fitilu, da amfani da farar ƙwallo maimakon ja, da sanya tufafi masu launi maimakon farare. A ranar 28 ga Nuwamban 1978, mutane fiye da 40,000 suka cika filin wasa na Sydney domin kallon wasan dare.

Ganin haka, da kuma asarar da take tafkawa, hukumar ta nemi sulhu. A watan Mayun 1979 Packer ya samu izinin da ya nema tun farko, ya kuma rufe gasarsa. Cikin abubuwan da sulhun ya haifar har da gasar ƙasashe uku da za a riƙa yi kowace shekara.

Zamanin West Indies

Tsarin gasar shi ne ƙasashen uku su kara da juna sau da dama a lokacin zafi na Ostareliya, galibi tsakanin Disamba da Fabrairu, sannan biyun da ke kan gaba su buga jerin wasannin ƙarshe.

Ƙungiyar West Indies, wadda ta haɗa 'yan wasan ƙasashen yankin Karebiyan, ita ce ta lashe gasar farko bayan ta doke Ingila, yayin da mai masaukin baƙi ta kasa kaiwa wasan ƙarshe.

Da 'yan wasa irin su Clive Lloyd da Viv Richards, West Indies ta mamaye shekarun farko, kuma jimilla ta ɗauki kofin sau shida, na ƙarshe a kakar 1992/93.

Jifan da ya tayar da ƙura

Babu abin da ya fi fice a tarihin gasar kamar abin da ya faru a Melbourne ranar 1 ga Fabrairun 1981.

Saura jifa ɗaya a tashi, New Zealand na buƙatar maki shida kafin ta yi kunnen doki da Ostareliya, wato sai mai bugu ya cilla ƙwallon ta sama har ta tsallake iyakar fili.

Sai kyaftin ɗin Ostareliya, Greg Chappell, ya umarci ƙanensa Trevor da ya mirgina ƙwallon a ƙasa, ta yadda mai bugu, Brian McKechnie, ba zai iya ɗaga ta ba.

Dokokin gasar ba su hana hakan ba a lokacin, amma 'yan kallo sun yi ta ihun nuna ƙyama. Firayim Ministan New Zealand, Robert Muldoon, ya bayyana lamarin a matsayin ragwanci, takwaransa na Ostareliya Malcolm Fraser ma ya soki abin. Daga baya aka haramta irin wannan jifa.

An sake samun wata taƙaddamar a Adelaide a Janairun 1999, lokacin da alƙalin wasa Ross Emerson ya ce salon jifan Muttiah Muralitharan na Sri Lanka ya saɓa wa doka. Kyaftin Arjuna Ranatunga ya ja 'yan wasansa zuwa bakin fili, wasan ya tsaya na ɗan lokaci kafin a ci gaba.

Daga taba zuwa banki

Sunan gasar ya riƙa sauyawa bisa ga wanda ke ɗaukar nauyinta. Kamfanin taba na Benson & Hedges ne ya fara, har zuwa kakar 1995/96, lokacin da dokar hana tallan taba a Ostareliya ta raba shi da wasan.

Daga nan kamfanin giya na Carlton & United ya karɓa, kafin bankin Commonwealth ya shigo a kakar 2006/07.

A cikin gasa 31 da aka yi, Ostareliya ta lashe 20. Ingila ta ci biyu, yayin da Pakistan da Afirka ta Kudu da Indiya suka ci ɗaiɗai.

Rashin kaiwa wasan ƙarshe a gida ba ƙaramin abu ba ne ga Ostareliya. Bayan hakan ta faru a kakar 2001/02, an sauke Steve Waugh daga jagorancin tawagar yini guda, aka naɗa Ricky Ponting.

Yadda ta shuɗe

Rinjayen Ostareliya ya rage wa gasar armashi, ga kuma ƙorafin cewa wasanni sun yi yawa. Haka nan duk ranar da ƙasashen waje biyu ke karawa da juna, 'yan kallo kan ragu matuƙa, kuɗin shiga ma ya ragu.

Sannan ga sabon salon wasa na Twenty20, mai zagayen jifa 20 kacal, wanda ake kammalawa cikin kusan sa'o'i uku. An buga wasan ƙasa da ƙasa na farko na maza a wannan salo a Fabrairun 2005, shekarar da Packer ya mutu.

Bayan Indiya ta lashe kofin a 2008, inda Sachin Tendulkar ya taka rawar gani a wasannin ƙarshe biyu, hukumar ta daina shirya gasar duk shekara, ta koma karawa da kowace ƙasa daban.

An farfaɗo da ita sau biyu, a kakar 2011/12 da ta 2014/15, kuma Ostareliya ce ta ci dukkansu.

Gasar Big Bash ta Twenty20, wadda aka fara a 2011, ita ce ta gaje daren lokacin zafi a filayen Ostareliya, kuma a 2018 Channel Nine ta rasa izinin nuna wasannin gida da Packer ya yi gwagwarmaya a kai.

Sai dai farar ƙwallo da tufafi masu launi da wasan dare, waɗanda gasar ta sabar wa masu kallo, sun zama ruwan dare a wasannin yini guda, kuma tun daga 1992 da su ake buga gasar cin kofin duniya ta kurket.